Na kai kwalaben fulawar kakata an duba min asalinsu

Tun muna yara a unguwar Nima ta Accra kwalaben fulawa biyu ne a cikin shogilas ɗin Hajiya kakata, na gilashi, ɗaya fara kamar madara ɗaya kore, an zana musu furanni da ruwan gwal a baki, kuma kowa a gidan ya haddace cewa daga Makka suke. Da ta rasu aka raba kaya suka faɗo hannuna, sai wata ƙawata ta ce akwai wani dattijo mai sayar da kayan zamanin da a cikin gari, yana duba irinsu. Na naɗe su a zani na hau motar haya ta trotro ina rungume da su kamar jarirai.

Sidi 150 ya karɓa, sannan na yi zaman jira kusan awa biyu saboda ya tafi sallah ya haɗa da cin abinci, wannan kam ya ɓata min rai. Amma da ya zauna, wallahi mutumin ya san aikinsa. Bai ma kalli furen ba, gindin kwalbar ya fara juyawa, ya nuna min wani tabo a tsakiya ya ce nan ne aka ɓalle sandar ƙarfen da ake riƙe gilashi da ita yana da zafi, alamar aikin hannu kenan. Ya sa na shafa fentin da yatsa na ji tudu-tudu, ya ce 'yata wannan gasa shi aka yi a wuta shi ya sa bai goge ba, wanda aka shafa kawai ba gashi da kaɗan-kaɗan yake ɓarewa. Ya ba ni ƙaramin madubin ƙara girma na ga sawun buroshi, wai in bugun inji ne ɗigo-ɗigo zan gani a jere.

Koren ne ya ban tsoro. Ya rufe taga ya haska masa wata tocila mai shuɗin haske, kawai sai kwalba ta kama walƙiya kore shar, na ce innalillahi Baba Alhaji mene ne haka, yana dariya ya ce sinadarin yuraniyom ne ɗan kaɗan da masu yin gilashi na zamanin da suke zubawa don launi. A gindinta kuma akwai hatimi da ya kusa gogewa, Czechoslovakia, ƙasar da aka kafa a 1918 ta rabe biyu farkon 1993, to ba ta wuce tsakanin nan ba. Farar ba hatimi, ya ce kamanninta na Bohemiya ne, yankin da ke cikin ƙasar Cek yanzu, wajen garin Novy Bor inda fentin gilashi sana'ar gado ce, amma ya ƙi kama sunan kamfani, ya ce duk wanda ya faɗa min kamfani ba hatimi cin kuɗina zai yi. Nan ya burge ni.

Maganar Makka fa? Ya ce ba mamaki can Hajiya ta saya, kasuwar alhazai ba abin da ba a kaiwa, amma ba can aka yi su ba.

Inda muka ɓata shi ne ƙarshe. Ko takarda bai rubuta min ba, ya gama yabon kaya kuma sai ya ce in bar masa duka biyun a sidi 600 wai bakin farar ya ɗan gutsure. Na ce Allah ya ba da kasuwa Baba, na naɗe abina. Zan iya tura mutum wajensa dubawa, sayarwa kam a ji ta bakin wani tukuna. Har yanzu ban gaya wa Goggo cewa ba 'yan Makka ba ne, ban shirya wannan rigimar ba.