Na'urar nan ta yatsa: abin da ta yi min da abin da ta kasa

Masu tambayata ko 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta auna oksijin ta cancanci kuɗinta ga mai ciwon huhu, amsata dai eh ce, amma fa ba dan abin da yawancinmu muke sayenta saboda shi ba. Ni ciwon da nake fama da shi COPD likitoci suke ce masa, wato hanyoyin numfashi sun ƙuntace kuma ba warkewa ake ba sai dai lallaɓawa. Ban taɓa saka sigari a bakina ba, hayaƙin itace ne na shekara da shekaru ina abincin sayarwa a rufaffen kicin, ga tarin tibi da na taɓa yi ya bar min tabo a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar nan ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, a shekarar ita ce ta huɗu a cututtukan da suka fi kisa, amma a unguwarmu har gobe asma ake ce mata, ko a ce sanyi ne ya shige ni.

'Yata ce ta sayo min a kemis, irin wadda ta yi tashe lokacin korona, mai cin ƙananan batir biyu irin na rimot. Dalilin sayenta kuwa safiya ne. Duk mai wannan larurar ya san safiya ita ce wahala, ka kwana majina ta taru a ƙirji, maganin da ka shaƙa jiya ƙarfinsa ya tafi, ka tashi sai tari sai kaki, daga gado zuwa banɗaki ma sai ka tsaya ka dafa bango, kafin ka gama alwala jiki ya mutu murus. Ni har ta kai ina idar da asuba sai in koma in kwanta, ba barci nake ba, kawai dai bana son ganin kowa, bana son a min magana, jikokina su shigo gaisheni in ji kamar in ce su fita. Mu duka a gidan mun ɗauka iska ce take ƙaranci a jinina cikin dare shi ya sa, to a sayo abin awo a gani.

Yadda take aiki ba wani abin mamaki bane, haske kala biyu take ratsa yatsa da shi, ja da wani wanda ido baya gani, jinin da ya ɗauki oksijin da wanda bai ɗauka ba kowanne da yadda yake shanye hasken, daga nan take lissafi ta fito da lamba biyu, ɗaya kason oksijin ɗaya bugun zuciya. Mai lafiya yawanci daga 95 zuwa sama yake. Mu masu COPD kuwa likitana ya ce min tsakanin 88 zuwa 92 ma ba abin tashin hankali bane a wurina, kuma wannan maganar ya kamata a ce da manyan baƙi aka rubuta ta a jikin kwalin, saboda takardar da ke ciki da turanci ne ƙanana ƙanana kuma lissafin masu lafiya ta yi, ranar da 'yata ta fara ganin 91 saura kaɗan ta kira adaidaita mu tafi asibiti. Kowa ya tambayi nasa likitan lambar da ta dace da shi, kar a ari tawa.

To ga inda ta amfane ni. Safiya bayan safiya ina aunawa, lambar tana nan inda aka ce min ta zauna, 91, 92, wani lokacin 93, amma kasala da ƙuncin rai suna nan daram. Da na kai wa likita littafin da muke rubutawa sai ya duba ya ajiye ya ce Hajiya bari mu bar maganar huhu tukuna, yaya barcinki, kina jin daɗin abinci, abubuwan da kike so a da har yanzu suna burge ki, tun yaushe rabonki da zuwa biki ko suna. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ya ce ciwon damuwa yana yawan haɗuwa da ciwon huhu mai daɗewa, idan mutum ya haura sati biyu kusan kullum cikin ƙunci ko komai ya fita daga ransa to ya wuce a ce masa yi haƙuri kawai, kuma shi ma ciwon damuwar ga mutane da yawa da safe ya fi tsananta, ya tashe ka tun kafin kiran sallar farko ka kasa komawa. Ya sa aka auna min jini kuma ashe akwai ƙarancinsa, wanda shi ma na'urar bata gani, tunda ita kason da ɗan jinin da kake da shi ya ɗauka take faɗa, ba yawan jinin ba. Kun ga kenan bata gano ciwona ba, amma ta cire abu ɗaya daga cikin zargi har aka waiwayi sauran.

Amfani na biyu shi ne tsoro. Wanda numfashinsa bai taɓa sarƙewa ba ba zai gane ba, kana jin haki sai zuciya ta ce shikenan yau ce ranar, tsoron ya ƙara hakin, hakin ya ƙara tsoron, sai ka daina motsi gaba ɗaya, rashin motsin kuma ya ƙara kashe ƙafafu, gobe abin da ya fi na yau sauƙi ma ya gagare ka. Mai gashin ƙashi da aka tura ni wurinta ita ta koya min in shaƙa ta hanci ina ƙirga biyu, in fesar ta baki a hankali kamar mai hura koko ina ƙirga huɗu, sannan in dinga zagaya tsakar gida da na'urar a aljihu. In haki ya taso in zauna, in huta, in maƙala, in ga lambar ta ɗan sauka sannan ta hau da kanta. Ganin tana hawa da idona ya fi min duk wani lallashi da aka taɓa yi min.

Yanzu aibinta, kuma suna da yawa. Da hunturu in yatsu sun yi sanyi ƙin karantawa take ko ta kawo lambar da zata tsinka maka zuciya, sai an murza hannu ya ɗumama an zauna shiru ba motsi har lambar ta tsaya wuri ɗaya. Mata a kula da lalle, lokacin bikin 'yar ƙanwata da aka yi min baƙi har farce sai ta dinga wasa da lamba, jan farce na kwalba ma haka yake yi. Na uku wanda ya fi damuna, bata faɗar gaskiya daidai ga baƙar fata. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun kwatanta lambar na'ura da awon jinin da aka ɗiba a jijiya, cikin waɗanda na'ura ta nuna 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na baƙaƙen fata ashe oksijin ɗinsu yana ƙasa da 88, fararen fata kuwa bai kai kashi 4 ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2021, har ta ce in na'ura ta nuna 90 ainihin abin yana iya zama daga 86 zuwa 94, wannan ma ga masu inganci kenan, balle ta kemis da ba a san asalinta ba. Saboda haka in leɓe ya canza kala, ko magana ta gagara saboda haki, ko mutum ya fara ruɗewa da gyangyaɗi, asibiti za a nufa ko da ta nuna 95.

Haka kuma bata san gubar hayaƙin gawayi da na janareto ba, wannan gubar tana maƙalewa a jini ta nuna kamar oksijin ce, sai lamba ta yi kyau alhali mutum yana shaƙewa, masu shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da sanyi kar na'ura ta ruɗe su. Bata kuma auna gurɓatacciyar iskar da ya kamata huhu ya fitar, wadda in ta taru cikin dare ake tashi da ciwon kai da nauyin ido, wannan sai awon asibiti.

Sannan abu ne mai shiga rai, in ba a yi hankali ba sai ka ga kana maƙalawa duk bayan 'yan mintuna kana jiran ta sauka, ga mai damuwa kuwa wannan ƙarin ciwo ne. Mu dai mun yi mata ƙa'ida, da safe bayan na shaƙi magani na huta, sai lokacin tattaki, sai in jiki ya canza, sauran lokaci tana durowar 'yata.

Safiyar tawa yanzu da sauƙi amma ba na'ura ce ta gyara ta ita kaɗai ba. Inhela, wato maganin shaƙa, da ruwan ɗumi a gefen gado suke kwana, bana zabura in miƙe, sai na zauna na fitar da majina tukuna, ranar da tsayuwa ta gagara in yi sallata a zaune tunda addini ya yarda, wanka kuma na mai da shi hantsi a kan kujera 'yar tsuguno. Maganin damuwar da aka bani sai da ya ɗau makonni kafin na ji bambanci, an kuma gaya min tun farko haka yake, kar in watsar. Wata maƙwabciya ta ce Hajiya ki nemi baliyam a kemis ki samu barci mana, da na tambaya likita ya ce kul, shi da maganin tari mai kodin duk suna danne numfashi cikin barci. Har yanzu akwai ranakun da nake tashi bana son komai, musamman in hazo ya sauka an rufe tagogi gari ya yi duhu, lambar kuma tana 92 abinta.

In za ku saya ku tafi da ita asibiti ranar ganin likita a gwada ta tare da tasu a yatsa ɗaya bayan ɗaya, ku nemi mai nuna layin bugun jini yana hawa yana sauka dan ku san ta kama sosai, batir kuma a cire in za a daɗe ba a taɓa ta ba saboda yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki.