Gargaɗi: Masu Tallar Fatarin Net a Intanet Suna Cin Kuɗin Masu Kunyar Yin Magana

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan gargaɗi ne a kan wasu masu tallar fatarin net a Instagram da WhatsApp, irin fatarin nan mai kumbura da ake sakawa a ƙarƙashin babban siket ko rigar amarya don ta tashi ta buɗe, wanda 'yan kasuwa ke kira fetikot. Ni tela ce, ɗinkin amare nake yi, ina kuma ɗinka wa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu kayan wasa. Ta hanyoyin nan biyu koke yake ta iso mini, kuma salon duk iri ɗaya ne, har na fara zargin hannu ɗaya ne yake ta sauya riga. Ba zan kama sunan shafi ba, don sunan ba zai amfane ku da komai ba. Yau shafin kayan amare ne, gobe an goge an dawo da sunan kayan dirama, hotunan dai su ne.

Amare ma ana cutarsu, amma amarya tana da baki. Idan aka turo mata tarkace, ita da ƙawayenta za su cika shafin da zagi har sai an rufe shi. Waɗanda mutanen nan suka fi so su ne maza masu sayen kayan mata. Akwai su da yawa fiye da yadda ake tsammani. Makarantar maza zalla idan za a yi dirama, dole wani yaro ya fito a uwar gida ko amarya, malamin da ke kula da wasan kuma shi zai nemo kaya. Ga 'yan barkwanci na TikTok masu fitowa a Hajiya ko 'yar aiki. Ga kuma wanda yake saka kayan mata a ɗakinsa saboda dalilin da shi ya sani, ba kuma wa'azi ya kawo ni nan ba. Duk ukun nan abu ɗaya ya haɗa su: ba sa son tsayawa a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari suna gwada fatari a ƙugu, 'yan kasuwa na kallo. Shi ya sa tallar take zuwa da kalmomin da aka auna: muna da babban awo har na maza, muna aikawa a rufe, ba mai jin sirrinka. Wannan alkawarin rufin asirin shi ne ƙugiyar.

Bari in fara da kayan, don wanda ya san yadda na gaskiya yake da wuya a ruɗe shi. Fatarin da ke ɗaga siket iri biyu ne. Akwai mai zobe, wanda ake zura waya ko roba mai ƙarfi a jikinsa, zobe 3 ko 4 ko 6, kowane ya fi na samansa faɗi. Asalinsa kejin ƙarfen nan ne da matan Turai suka fara sakawa a 1856, kuma shi ne ke ƙarƙashin yawancin manyan rigunan amare da kuke gani a wajen dina. Sai kuma marar zobe, wanda tarin net ne kawai ke riƙe shi. Wannan ya yi tashe ne bayan Christian Dior, mai zanen tufafi ɗan Faransa, ya fito da siket mai matsattsen ƙugu da faɗin ƙasa a Faris a 1947, ya zama yayin 'yan mata a Amurka da Ingila a shekarun 1950. 'Yan wasa sun fi son marar zoben, don ana iya zama da shi, ana iya gudu, kuma idan an juya yana tashi.

Marar zobe ba sihiri ba ne, lissafi ne. Hawa-hawa ake ɗinka shi, kowane hawa ana tattara shi a jikin na samansa, kuma a ƙa'ida na ƙasa ya kan ninka na sama. Idan tsawon yankin net ɗin hawan farko yadi 2 ne, na biyu 4, na uku 8. Wannan shimfiɗa ɗaya ke nan, kuma shimfiɗa ɗaya ba ta ɗaga ko atamfa, balle leshi mai duwatsu. Sai an jera biyu ko uku, da net mai tauri, sannan a sa shafi mai laushi daga ciki don kada ya karce ƙafa. A Amurka masu rawar nan ta gargajiya da ake yi mutum takwas a kusurwa huɗu, da yadi suke sayen nasu: mai yadi 40, mai 60, mai 80, wato jimillar tsawon net ɗin da aka tattara a bakin ƙasa. To hotunan irin waɗannan ne masu tallar nan ke kwasowa daga shafukan Turawa, su goge sunan mai shi, su liƙa nasu. Wani lokaci ma hoton rigar da aka ɗora a kan mai zobe shida za a nuna maka, a ce wannan tashin shi fatarinsu ke bayarwa.

Wani malamin makarantar kwana ya kawo mini wanda aka turo masa, a cikin leda baƙa da aka naɗe da salatif. Naira 18,000 ya biya har da kuɗin mota. Da na zazzage shi a kan tebur, net ne mai laushi shimfiɗa ɗaya, kamar an yanko gidan sauro an zura masa roba. Hawa biyu, ba shafi, bakin ƙasan ba a ko kalmashe ba, zare na reto. Na ja robar iya ƙarfina a kan tef, ta tsaya a inci 34. Yaron da zai saka ɗan aji shida ne, ƙugunsa 38. Wai wannan ne babban awo har na maza. Ko kuɗin net ɗin da ke jikinsa aka lissafa, bai kai kuɗin da aka karɓa na mota ba. Na ce masa, Malam, araha ba ta ado, amma kai ko arahar ba ka samu ba.

Kuma wannan ya yi sa'a an turo masa wani abu. Wasu daga an ga alat shi ke nan: yau direba bai tashi ba, gobe an tsare kaya a hanya sai an ƙara dubu uku, jibi lambar ba ta shiga.

Akwai wata dabara da nake so ku lura da ita, don an gina ta ne a kan gaskiya. Fatarin net na kirki da ake shigowa da shi daga birnin Guangzhou na China a matse yake zuwa, an zuƙe iskar ledar, kuma lallai sai an rataye shi ko an turara shi da tururin ruwan zafi kafin ya miƙe. Mutanen nan sun san haka. Kana yin ƙorafi za a ce maka, haba yallaɓai, ai haka yake zuwa, ka rataye shi kwana uku ka ga ikon Allah. Ka rataye, ba abin da ya tashi, sai a ce ka fesa masa sitaci. Kafin ka gama wannan wahala mako ya wuce, shafin ya sauya suna, kuɗin kuma an daɗe da kwashe su daga asusun da ka tura. Tururi yana miƙar da net ɗin da ke nan ne, ba ya haifar da wanda ba a ɗinka ba. Ka ƙirga shimfiɗa da yatsa a ranar da kaya suka iso. Idan ɗaya ce, ko shekara ya yi a rataye ɗaya ce.

Tsugune ba ta ƙare ba, don abin da ya fi tayar mini da hankali yana gaba. Tun wajen ciniki ake fara tattara bayaninka cikin ladabi. A ce ka turo cikakken suna da adireshin gida saboda direba. A ce ka turo hotonka a tsaye don a ga tsarin jikinka. Idan kaya sun iso ka ce ba su yi ba, sai a ce ka saka ka ɗauko hoto ko bidiyo, a nuna wa oga don a canza maka. Wanda ya tura wannan hoton ya miƙa wuyansa. Daga nan murya take sauyawa: ko ka yi shiru da maganar kuɗinka, ko ka turo wani abu, in ba haka ba hoton zai je wurin matarka, ko wurin aikinka, ko Hisbah. Wani yaro mai barkwanci ya nuna mini irin wannan saƙo a wayarsa, hannunsa na rawa, shi da yake fitowa a tsohuwa a gaban dubban mutane. Abin da ya tsorata shi, hoton a ɗakinsa aka ɗauka, ba gyale, ba kwalliyar wasa, kuma sun san unguwarsu.

Barazanar tana tasiri ne saboda tana da tushe. A Kano akwai dokar jiha da ta hana namiji yin shigar mata, kuma ana kama mutane a kanta. A 2022 wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Bauchi ya gabatar da ƙudurin hana shigar a duk faɗin ƙasa, da ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000. Ƙudurin bai zama doka ba, kuma shi kansa ya cire masu wasan kwaikwayo da nishaɗantar da jama'a, amma 'yan damfara suna ambatonsa kamar alƙali ya riga ya zauna. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne, su ne suke tsaye a kan laifin da ba shi da ja. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a kundin Penal Code na Arewa da dokar damfara ta 2006, tatsar mutum da barazana ma laifi ne, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haɗa da wanda aka yi ta waya. Mai barazanar kai ka hukuma, shi ya fi kowa tsoron ƙofar hukuma.

Idan an riga an kai ka nan, kada ka biya. Wanda ya biya sau ɗaya ya sanar da su cewa akwai na biyu. Ka ɗauki hoton duk hirar kafin su goge, da lambar asusun da sunan da ya fito lokacin tiransifa, ka je bankinka a ranar ka shigar da koken damfara a rubuce, don saurin zuwa shi ke sa a iya riƙe kuɗi. Ana kai ƙara EFCC, ana kaiwa sashen laifukan intanet na 'yan sanda, maganar kaya marasa kyau kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC tana karɓa. Ba na yi wa kowa alkawarin kuɗinsa za su dawo. Amma ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi, yaya ko aboki ko lauya, ka gaya masa, don duk ƙarfinsu a kan kaɗaicinka yake.

Malaman makaranta, ku naku mai sauƙi ne. Kafin a sayi komai a sanar da shugaban makaranta, a saya da sunan ƙungiyar wasa, a aika adireshin makaranta. Abin da kowa ya sani ba a yi maka barazana da shi. Kuma don Allah kada a tura hoton ɗalibi ga kowane mai talla, ko da kayan makaranta ne a jikinsa.

Ga kowa da kowa kuma, fatari awo biyu kacal yake buƙata: ƙugu da tsawo. Tsawon ma daga siket ɗin ake ɗauka, a rage inci ɗaya ko biyu don kada net ya leƙo. Tela ba ta bukatar fuskarka, ba ta bukatar sanin wa zai saka. Duk wanda ya nemi fiye da lambobin nan biyu, ba ɗinki ne a gabansa ba. Ga namiji ko mace mai jiki, a nemi mai zariya maimakon roba zalla, don abin da ake kira awon kowa da kowa an yanka shi ne a jikin 'yan mata sirara, kuma dogon mutum tsawon ma ba zai kai masa ba.

Kafin ka tura ko sisi, ka sa hoton tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Idan ya fito a shafin wani kanti na Landan ko Amurka, ka gama samun amsa. Ka nemi a kira ka ta bidiyo, a ɗaga fatarin, a ƙirga maka shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya, a ja ƙugun a kan tef kana gani, a ajiye shi a ƙasa. Na kirki yana tsayawa da kansa ko ya kusa. Mai kaya a hannu ba ya ƙin wannan, minti biyu ne. Wanda ya ce kyamararsa ta lalace, ko shagon yana Legas shi yana Kaduna, ko ya rufe wurin sharhi a shafinsa, a bar masa kayansa. Haka idan sunan asusun ya sha bamban da na shafin, aka ce na ƙanwar oga ne.

Ni dai shawarata, da ka aika kuɗi ga wanda ba ka san ƙofar shagonsa ba, gara ka rubuta awon nan biyu a takarda, ka ba wata 'yar uwa ko ka je da kanka wurin telar amare ta unguwa, ka ce fatarin net kake so mai hawa uku, shimfiɗa uku, da shafi da zariya. Net mai tauri yana nan a Kwari, yana nan a kasuwannin Kaduna da Zariya, yadi 8 zuwa 10 ya isa siket mai kai gwiwa ya wuce kaɗan. Ka ba da kafin alƙalami, sauran sai ka ga kaya a tsaye. Masu dirama da kuɗinsu bai kai ba, sai su leƙa 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci, ana dacewa da tsofaffin rigunan amare na Turai, a farke fatarin ciki a ƙara masa zariya, ya yi shekaru yana aiki a akwatin kayan wasa.