Sharhi: Gwajin kwamfuta da aka yi wa giyar Prado ɗina a Sakkwato

Duk mai babbar mota otomatik da bakanike ya ce masa giya ta mutu, kada ya yi saurin neman giyar Beljiyam. Ya fara kai ta a sa mata kwamfuta. Prado ɗina ƙirar 2007 ce, mai injin V6 da giya biyar samfurin A750F, kuma aikina na yawan kai ni ƙauyukan Gwadabawa da Tangaza, inda da an sauka daga kwalta sai yashi. Ta fara jinkirin canza giya, injin ya yi ta ihu kafin ta shiga, in ta shiga kuma ta buga da ƙarfi. In rana ta take sai fitilar zafin man giya ta kama. Wanda na fara kai wa ko sauka ƙarƙashinta bai yi ba ya yanke hukunci: sai an sauke giya.

Wani gareji da ke wajen Western Bypass aka nuna min. Ogan wurin ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta fito da lambar P0751, wadda ke nufin sulunoyid ɗin farko, wato bawul mai aiki da lantarki da ke buɗe wa man giya hanya, ba ya canza giya yadda aka umarce shi. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya nan ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, na'ura hanya take nuni, ba ita ka gyara ba." Ya sa yaronsa ya tuƙa, shi yana gefe yana kallon giyar da kwamfutar motar ke nema da wadda ke shiga.

Da suka kwance farantin ƙasan giyar, man da ya kamata ya zama ja ya koma kamar kunun kanwa, yana ƙauri, maganaɗisun cikin farantin sun yi baƙi da garin ƙarfe, amma babu manyan ɓarɓashi. Ya gwada sulunoyid ɗin da mita, wayarsa lafiya, datti ne ya riƙe shi. Suka wanke, suka canza matatar man giyar, suka zuba man Toyota WS. Wannan giya ba ta da sandar auna mai, ta wani noti a ƙasa ake duba cikarsa, kuma sai man yana kan wani ma'aunin zafi. Da zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sai da ya sa na bar motar ta kwana aka auna da safe.

Aibinsu: ba wurin zama, ba inuwa, kuma sai da na matsa kafin a rubuta min abin da aka yi. Man ma ni na fita nema, ga jabu ya cika kasuwa.

Yanzu tana canza giya sumul. Ogan ya kuma ja kunnena cewa in na shiga yashi mai zurfi in sa giyar 4WD a ƙarama, wato L, domin tafiya a babba, wato H, cikin yashi ke dafa man. Kuɗin gwajin da gyaran gaba ɗaya bai kusa da farashin giyar Beljiyam ba.