Na haɗa ƙaramin L-39, ya ƙi tsayawa da ƙafa uku

Mu da muka tashi a Kurna ba sai an gabatar mana da L-39 ba. Shi ne jirgin nan da sojojin sama ke koyon tuƙi da shi a nan Kano, kana cikin karyawa ka ji ya tsaga sama. Ƙirar kamfanin Aero Vodochody ne na tsohuwar Cekosulobakiya, ya fara tashi a 1968. To da wani abokina zai dawo daga Turai, sai na ce tsarabata ɗaya ce: kwalin samfurinsa na roba, sikelin 1/72 (wato an rage tsawon ainihin jirgin sau 72), wanda mutum ke haɗawa da hannunsa.

Ainihin jirgin ya ɗan haura mita 12 a tsawo, don haka nawa bai wuce santimita 17 ba, kamar tsawon biro. Amma ƙirar ta burge ni. Kujerun nan biyu, ɗaya a bayan ɗaya, da tankunan mai na ƙarshen fukafukai, da mashigar iska a bayan matuƙa, duk sun fito tsaf. Gefe biyu na gangar jikin sun haɗu ba giɓi, ɗan goga kawai na yi da samfefa. Nan kam na ba su hannu.

Inda muka saɓa shi ne takardar umarni. A wani lungu aka yi wata 'yar alama kusa da hancin jirgin, ba bayani, ba adadin nauyi. Ni kuma zumuɗi ya hana ni tsayawa. Allah Ya taimake ni ban shafa gam ba, salatif na sa na ɗaure sassan don in ga kamanninsa. Ina ajiye shi a kan tebur sai ya ɗaga hanci sama, wutsiya a ƙasa. Ɗana Abba ya ce, "Baba, jirginka zaman tahiya yake yi." Dariyar ta ba ni haushi, don gaskiyarsa ce.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Jirgi mai taya ɗaya a gaba da biyu a tsakiya ba ya tsayawa sai cibiyar nauyinsa tana gaban tayoyin tsakiya. A na gaske, ɗakin matuƙa da kayan cikinsa suna riƙe gaba. Na roba kuwa hancinsa holoƙo ne, robar wutsiya ta rinjaye shi. Kuma da ka manne jikin, ƙofar gyara ta rufe, sai dai ka fasa.

Na je wajen mai gyaran keke na bakin layinmu na ce ƙwayoyin boris nake so. "Na wane keke, Alhaji?" Na ce na jirgi ne. Ya dube ni kawai, ya zubo min a tafin hannu, ya ƙi karɓar ko sisi. A gida na kwantar da fensir a kan tebur, na ɗora jirgin a kai daidai inda tayoyin tsakiya za su zauna, ina jefa boris a hanci ɗaya bayan ɗaya. A na biyar ya sunkuya. Na ƙara na shida, saboda fenti da ƙananan sassan baya ba su hau ba tukuna. Hancin L-39 siriri ne, uku kawai ya ɗauka, sauran sai da na cusa su ƙarƙashin kujerun, kuma duk wanda ya matso baya tasirinsa raguwa yake yi.

Da farin gam na kafintoci na kafe su, da shi kuma na manne gilashin saman matuƙa. Kada ka kusanto da sufa-gulu wajen nan, tururinsa yana mayar da gilashin fari fat.

Tambarin Najeriya babu shi a kwalin, sai na ƙasashen Turai. Kore-fari-koren da hannu na zana da tsinken sakace, na hagu ya ɗan karkace. Fentin ma a hunturu na yi shi, kuskure ne, ƙura ta zauna a fiffike ɗaya, daga baya na koyi kifa masa roba kafin ya bushe.

Zan sake saya? Ƙwarai. Na riga na ce wa abokin nawa samfurin Alpha Jet, wani jirgin sojojin saman, nake so a zuwa na gaba, sauran boris ɗin suna nan cikin gwangwanin madara.