Kafin a zuba kankare: zaɓen kayan tafkin ninƙaya na bayan gida

Tafkin da mutum zai gina don ya riƙa ninƙayar kai-da-komo kullum yana da tasa siffar: dogo ne, siriri, kuma ba ya buƙatar zurfi sosai. Na gasa mita 25 ne ko mita 50, kowane layi da faɗin mita 2.5. A bayan gida kuwa yawanci layi ɗaya ake yi, a ja tsawonsa gwargwadon yadda fili ya ba da dama. Wannan siffar ce ya kamata ta yi maka jagora wajen sayen kaya, don abin da ya dace da tafkin shaƙatawa mai faɗi ba lallai ya dace da naka ba.

Kayan nan kashi biyu ne. Akwai waɗanda ke ɗakin inji, duk ranar da suka gaji sai a kwance a ɗaura wasu. Akwai kuma waɗanda ake binnewa a cikin ƙasa da kankare: bututu, magudanar ƙasa, bakunan shigar ruwa, gurbin fitila. Waɗannan idan aka yi kuskure, gyaransu sai da fasa gini. Mutane da yawa suna ɓata makonni suna kwatanta sunayen injina, amma su bar wa ɗan kwangila zaɓen bututu ba tare da ko tambaya ba. A ganina daga nan ya kamata a fara.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi har ƙarshe: tafki mai tsawon mita 20, faɗin mita 2.5, zurfin mita 1.4. Ruwansa lita 70,000 ke nan. Ƙa'idar da aka saba bi a tafkin gida ita ce ruwan duka ya ratsa ta matata, wato na'urar tace ruwa, sau ɗaya cikin awa 6 zuwa 8. Idan ka ɗauki awa 8, kana buƙatar lita 146 a minti ɗaya ko kusa da haka. Ka rubuta lambar taka a takarda ka tafi da ita kasuwa, don da ita za a auna bututu, da famfo, da matata.

Bututu mai faɗin milimita 63 ya fi mai milimita 50 sarari da kusan kashi 60 cikin 100. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin gaba ɗaya, amma a tafki mai tsawo, inda ruwa zai yi tafiyar mita 20 ko fiye kafin ya isa inji, ƙaramin bututu yana shaƙe famfo ya sa shi shan wuta a banza har iya rayuwarsa. Ka sa a rage yawan kwana-kwana. Ka kuma dage a gwada bututun da matsin ruwa, kana tsaye, kafin a mayar da ƙasa a kansa.

Sai inda ruwa ke fita da inda yake dawowa. Bakin da ke kwashe ganye da ƙura daga saman ruwa a sa shi ɓangaren da iska ta fi kaɗawa zuwa can, don iskar ta taya shi aiki. A dogon tafki guda ɗaya yakan yi kaɗan. Bakunan da ke dawo da ruwa kuma a jera su a gefen tsawo, a ɗan karkata su ƙasa. Idan aka tara su a bangon ƙarshe suna feso ruwa tsakiyar layi, za ka ji kana yin sauri a zuwa kana jan jiki a dawowa, lissafin lokacinka ya rikice. Akwai masu zaɓen irin ginin da ruwa ke malala ta baki zuwa kwata a kewaye. Wannan ya fi kwantar da igiyar ruwa, abin da ke da muhimmanci a siririn tafki inda igiyar ke dukan bango ta dawo fuskarka, sai dai yana buƙatar ƙarin tanki a ƙarƙashin ƙasa da ƙarin kuɗi sosai. Mai ninƙaya shi kaɗai ba lallai ya buƙaci irin wannan ginin ba.

Magudanar ƙasa kam ba wurin tsimi ba ce. Idan guda ɗaya ce kuma jikin mutum ya toshe ta, ƙarfin zuƙar famfo yana iya riƙe babba ma a ƙarƙashin ruwa, balle yaro. Saboda irin wannan hatsarin ne Amurka ta kafa doka a 2007 a kan murafen magudana. A yi biyu, da tazarar aƙalla santimita 90 a tsakaninsu, kowace da murfin da aka ƙera don hana maƙalewa.

Famfo: mai gudu ɗaya ko mai canza gudu

Nan ne zan fi daɗewa, don famfo ne ke aiki kullum, kuma shi ne ke cin mafi yawan wutar tafkin da ba a ɗumamawa. Mai gudu ɗaya ya fi araha, ba shi da rikitarwa, kusan kowane mai gyaran inji zai iya taɓa shi. Illarsa ita ce da an kunna shi sai ya saki duk ƙarfinsa, ko ana buƙata ko ba a buƙata. Mai canza gudu ya fi tsada wajen saye, amma akwai wata ƙa'ida da ke aiki a duk injin da ke tura ruwa da farfela: idan ka rage gudunsa zuwa rabi, ruwan da yake turawa zai koma rabi, wutar da yake sha kuwa za ta sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Ko da ka ninka awannin aikinsa don ya tace ruwa daidai da na farko, a lissafi kashi ɗaya cikin huɗu na wutar kawai ka kashe. A zahiri ribar ba ta cika kai haka cif-cif, amma tana da yawa, har ta sa tun watan Yulin 2021 ƙa'idojin Amurka suka sa yawancin sababbin famfunan tafki a can suka koma masu canza gudu.

Akwai wata ribar da ba a cika faɗa ba. Ruwan da ke ratsa matata a hankali ya fi tacuwa, kuma injin da ke tafiya a ƙaramin gudu da ƙyar za ka ji ƙararsa, abin da mai ninƙayar asuba da maƙwabtansa za su yi godiya a kai. Rauninsa yana cikin allon lantarkin da ke sarrafa shi: ba ya son wuta mai hawa da sauka, kuma ba ya son tsawa. Idan wutar wurinku ba ta da tabbas, ka haɗa da na'urar kariya a lissafinka tun farko.

Kada mai kaya ya ruɗe ka da yawan ƙarfin doki. Famfon da ya fi ƙarfin bututu da matata ba ya ƙara wa ruwa tsabta, sai dai ya ƙara ƙara da kuɗin wuta, wani lokaci ma ya tura datti ya ratsa yashi ya dawo cikin tafki. Ka nemi takardar da ke nuna lita nawa yake turawa a kowane matsi, ka duba ko lambarka ta faɗo a tsakiyarta. Manyan kamfanoni irin su Pentair, Hayward da AstralPool duk suna buga wannan takardar.

Matata iri uku ce. Ta yashi tana kama datti mai girman maikiron 20 zuwa 40 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), tana da juriya, kuma wankinta da sauƙi: ka murɗa bawul ruwa ya bi ta baya ya fitar da dattin. Sai dai kowane wanki yana tafiya da ɗaruruwan litoci na ruwan da ka riga ka zuba wa magani. Ta kwanso, wadda ke da yadi mai ninki-ninki a ciki, tana kama abin da ya fi haka ƙanƙanta, wajen maikiron 10 zuwa 20, ba ta zubar da ruwa, kuma tana jituwa da famfo mai tafiya a hankali. Aikinta shi ne sai ka buɗe, ka ciro kwanson, ka bi ninkin ɗaya bayan ɗaya da mesa, kuma bayan 'yan shekaru a sayi sabo. Ta ukun tana aiki da wani farin gari da ake kira DE, ita ce ta fi tacewa, har ƙasa da maikiron 5, amma hidimarta ta fi yawa kuma garin ba a son shaƙarsa. Inda ƙura ke da yawa ni yashi zan ɗauka, don kwanso zai riƙa toshewa a kai a kai. Inda ruwa ke da tsada ko wahalar samu, kwanso. Ko wacce ka zaɓa, ka ɗauki wadda ta ɗan fi buƙatarka girma. A nan ne girma ke da amfani. Ranar da aka fara kunna ta, ka dubi allurar agogon matsi ka yi alama da biro a kan gilashin. Duk ranar da allurar ta haura alamar da kusan rabin bar, wato ma'aunin matsi, lokacin wanki ya yi.

Maganin ruwa

Kowace hanya ka bi, kulorin ne zai yi aikin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ana so ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin pH, mai nuna yawan asid a ruwa, kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Tambayar ita ce ta yaya zai shiga ruwan. Ƙwayoyin da ake sakawa su narke a hankali suna da sauƙin amfani, amma suna ɗauke da wani sinadari mai kare kulorin daga rana, wanda ba ya fita daga ruwa. Yana taruwa wata bayan wata har ya rage wa kulorin kaifi, sai ka ga gwaji na nuna komai lafiya amma gansakuka na tsirowa a kusurwa. Maganinsa sai an zubar da wani ɓangare na ruwan an cika da sabo.

Na'urar gishiri tana ƙera kulorin ne da kanta daga gishirin da aka narka a tafkin, wajen giram 3 a lita, kusan kashi ɗaya cikin goma na gishirin teku. Tafkin misalinmu zai ci fiye da kilo 200 a zubin farko. Ga mai shiga ruwa kullum wannan hanya tana da daɗi, don maganin na shiga kaɗan-kaɗan ba tare da hawa da sauka ba. Amma ka sani ɓangaren da ke yin aikin yana ƙarewa cikin shekara 3 zuwa 7 kuma ba shi da araha, yana sa pH hawa, gishirin kuma yana cin ƙarfe maras inganci da dutse mai laushi a bakin tafki. Ka sayi wadda aka ƙera don ruwan da ya fi naka yawa, ta yi aiki ba tare da wahala ba. Fitilar UV da na'urar ozon mataimaka ne kawai: suna tsabtace ruwan da ya ratsa ta cikinsu, ba sa barin komai a tafkin da zai ci gaba da kariya. Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa: kada a taɓa haɗa nau'in kulorin biyu a mazubi ɗaya, ko a haɗa kulorin da asid. Yana iya tayar da gobara ko ya fitar da iska mai guba.

Ɗumama ruwa ya danganta da yanayin inda kake. A gasa ana riƙe ruwa tsakanin digiri 25 da 28, kuma mai ninƙaya da ƙarfi ba ya son ya wuce haka. Ɗaga lita 70,000 da digiri ɗaya kacal yana cin zafin da ya kai kilowat-awa 81. Hitar gas tana da sauri, ta dace da mai shiga jefi-jefi. Mai shiga kullum ya fi dacewa da injin da ke zuƙo zafi daga iska, wanda kan ba da ninki 4 zuwa 6 na wutar da ya sha matuƙar iskar ba ta yi sanyi ƙwarai ba. Wasu ma suna iya juyawa su sanyaya ruwa a lokacin zafi. Na sola ba ya cin komai sai wurin shimfiɗa shi. Amma kafin duk waɗannan, ka sayi marufi. Fuskar tafkin misalinmu murabba'in mita 50 ce. Idan ruwa ya ragu da milimita 5 a yini, lita 250 ce ta bi iska, kuma zafin da ta tafi da shi ya kai wanda zai ɗaga tafkin duka da digiri 2. Siffar dogon tafki ta dace da marufi mai naɗewa a jikin sanda ɗaya. Ka tuna dai marufin roba mai yawo a kan ruwa ba ya ɗaukar nauyin yaro.

Idan filinka bai kai mita 12 ba, juyawa za ta fi ninƙayar yawa, sai ka duba injin da ke turo ruwa ka yi ta iyo a wuri ɗaya. Mai farfela yana ba da ruwa mai faɗi da santsi, mai feshi kuwa ya fi araha amma ruwansa na da kumfa da hargitsi. Kada ka saya sai ka shiga ka gwada.

Ƙananan abubuwa kuma: a shimfiɗa layin tayil mai duhu a ƙasa, ya ƙare da giciye mita 2 kafin bango kamar yadda ake yi a na gasa, don ka san lokacin juyawa. Mai iyon rigingine ya rataya tutoci mita 5 daga kowane ƙarshe. Matakala ta shiga cikin bangon gefe, kada ta tsaya a layi. Fitila ta zama mai bolt 12, a gefe, ba a bangon da kake fuskanta ba. Na'urar shara mai tafiya da kanta ta fi wadda ke dogara da famfo, amma ka auna wayarta da tsawon tafkinka.

Aikin wuta sai ƙwararre, da na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta zurara, da haɗe duk ƙarafan da ke kusa da ruwa da waya ɗaya. Shinge kuma ya kai aƙalla mita 1.2, ya kewaye tafkin ta ko'ina, da ƙofa mai rufe kanta, ko da babu yaro a gidan. Wajen biyan kuɗi, ka tambayi mai kaya ko yana da robar hana yoyon famfon, da kwandonsa, da kwanson matata a ajiye, kuma wa zai zo idan injin ya tsaya cikin lokacin garanti. Wasu kamfanoni suna rage garantin idan ba ƙwararre ne ya ɗaura injin ba, don haka ka karanta takardar kafin ka yanke shawarar wanda zai yi maka aikin.