MiFi ko rauta mai jonawa a wuta: wanne ya dace da shago?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda ka ce shago ne mai kwamfuta biyu da na'urar POS, kuma tambayarka tsakanin MiFi ne da babban rauta mai cin sim, to kada ka wahalar da kanka: sayi rautan, kuma ka tabbata buɗaɗɗe ne, ba wanda aka kulle a kan layi ɗaya ba.

MiFi kayan matafiyi ne. Abin da zan yaba masa kawai shi ne yana shiga aljihu, kuma ɗauke wuta ba ta kashe shi nan take. Amma batirin irin Huawei E5573 ɗin da ya cika kasuwa 1500mAh ne, 'yan awanni yake yi, don haka a shago dole ka bar shi a caji tun safe har dare. Da zafin caji da zafin gari suka haɗu, sai batirin ya kumbura har ya ɗago murfin baya, na'urar ta riƙa mutuwa da kanta ana tsakiyar aiki. Ba shi da ramin kebul na jona kwamfuta irin na rauta, eriyarsa kuma ƙarama ce a cikin ciki.

Rautan da nake amfani da shi Huawei B315 ne, yana rataye jikin taga, bai san dare ba bai san rana ba, ba batir balle ya kumbura. Yana da ramin kebul huɗu, yana ɗaukar na'urori har 32, kuma a bayansa akwai wurin ɗaura eriyar waje guda biyu. TP-Link TL-MR6400 ma ajinsu ɗaya: dukansu iyakar gudunsu a takarda 150Mbps ne wajen saukewa, 50Mbps wajen ɗorawa, duk da cewa abin da za ka samu a zahiri ya danganta da ƙarfen sabis ɗin unguwarku. Babban abin da ya sa nake fifita su shi ne shafinsu na ciki yana gaya maka inda matsala take, kuma suna ba ka damar yin wani abu a kai. Mai MiFi in sabis ya yi rauni, abin da ya rage masa sai ya ɗaga shi sama yana zagaye ɗaki.

Saitin ba wuya. Ka sa sim ɗin lokacin da rautan yake a kashe, don wasu ba sa ganin sim in an sa musu suna kunne. Kunna shi, ka haɗa wayarka ko kwamfuta da sunan Wi-Fi da kalmar sirrin da ke rubuce a takardar da aka manna a ƙasansa. Buɗe burauza ka rubuta 192.168.8.1 in Huawei ne, ko 192.168.1.1 in TP-Link ne. Tsofaffin Huawei da admin ake shiga, a wurin suna da wurin kalmar sirri duka. TP-Link kuwa zai sa ka ƙirƙiri taka a shigar farko. Kalmar sirri biyu ce, mutane na yawan cakuɗa su: ta Wi-Fi daban, ta shiga shafin rauta daban. Canza su duka a ranar farko. Wanda ya san ta Wi-Fi data kawai zai sha maka, amma wanda ya shiga shafin zai iya karanta saƙonnin da ke zuwa sim ɗin, ya kuma canza maka komai.

Yawanci rautan yana ɗauko APN, wato saitin da ke haɗa sim da intanet ɗin kamfanin layin, da kansa. In ya nuna sabis amma intanet ta ƙi, sai ka sa da hannu. A Huawei bi Settings, Dial-up, Profile Management, ka buɗe sabo; a TP-Link bi Advanced, Network, Internet, Create Profile. Na MTN web.gprs.mtnnigeria.net ne, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat. Harafi ɗaya ya kuskure ba zai haɗu ba, kuma bayan ka adana sai ka zaɓe shi a matsayin wanda za a yi aiki da shi, nan ne da yawa ke mantawa. Sannan in wurinka akwai 4G mai kyau, saka shi a 4G kawai maimakon Auto, don kada ya riƙa gangarawa 3G yana dawowa, wanda a lokacin sauyin ne POS ke yankewa.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wato karanta halin da rautan ke ciki. Fara da fitila. A B315, shuɗi mai haske 4G ne, shuɗi mai duhu 3G, ruwan ɗorawa 2G, ja kuma ko dai bai ga sim ba ko ya kasa haɗuwa. In ja ne, cire sim ka sa a waya. In a wayar ma ba ya aiki, matsalar layin ce, wataƙila an rufe shi kan rashin haɗa NIN. In yana aiki a waya, duba ko akwai PIN a kansa, ko kuma ya zame daga ɗan firam ɗin da aka ƙara masa girma da shi.

In fitila lafiya amma shafuka ba sa buɗewa, shiga ciki ka ga ko ya samu adireshin WAN IP, wato lambar da kamfanin layin ke ba shi idan ya haɗu da intanet. Babu adireshi, to APN ne ko layin. Akwai adireshi amma shiru, kafin ka zargi kowa duba data. Rautocin nan suna da wurin SMS da USSD a shafinsu, ka buga *323# daga nan ba sai ka cire sim ba.

In kuwa yana aiki amma yana jan ƙafa, ka manta da sandunan sabis ɗin nan na gaba, ba su faɗin komai sosai. Je Device Information a Huawei, ko Status a TP-Link, ka nemo lambobi biyu. RSRP shi ne ƙarfin siginar, kuma da alamar ragi yake zuwa: -80 ya yi kyau ƙwarai, -95 za a iya aiki, in ya kai -110 ka yi nisa da ƙarfen sabis ko bango ya tare ka. SINR shi ne tsabtarta: sama da 13 lafiya lau, ƙasa da 5 akwai cakuɗa, ƙasa da sifili kuwa ko sanduna sun cika da ƙyar za ka ja wani abu. Maganin kowanne daban. In RSRP ne ya faɗi, matsa da rautan jikin taga, ka ɗaga shi sama, ka nisanta shi da ƙofar ƙarfe. Rufin kwano da shagon kwantena suna cin sigina ba kaɗan ba, a nan ne eriyar waje ke biyan kuɗinta. Duk inda ka ajiye shi, jira kamar minti ɗaya ka sabunta shafin kafin ka yanke hukunci. In kuma lambobin biyu suna da kyau amma da yamma gudun ya mutu, da asuba ya dawo, cunkoso ne a kan ƙarfen. Eriya ba ta maganin wannan, sai canza layi, kuma a nan ne za ka gode wa Allah da ka sayi buɗaɗɗe.

Ka saba leƙa jerin na'urorin da ke haɗe da shi, duk sunan da ba ka gane ba ka toshe shi sannan ka canza kalmar sirri. A shafin lissafin data kuma, sa ranar da ka sayi data da adadinta don ya gargaɗe ka kafin ta ƙare. Ɓarawon da ya fi yawa ma a cikin shago yake: kwamfuta mai Windows tana ganin Wi-Fi sai ta kama sabunta kanta. Kunna mata Metered connection.

Raunin rautan ɗaya wuta ne. Sayi ƙaramin UPS na rauta mai batir, wanda zai riƙe shi in an ɗauke wuta, amma karanta jikin cajar tukuna. B315 12V 1A yake ci, wasu TP-Link kuwa 9V ne, kada ka cusa masa 12V. In ka ga rauta yana kashe kansa yana kunnawa musamman idan an matsa masa aiki, sau da yawa cajar ce ta gaji, ba shi ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, don abin yana min ciwo yadda ake cutar mutane a kansa. Akwai masu ɗauko rautan kamfani da aka kulle, su yi masa fulashin, wato su canza masa manhajar ciki, su goge tambarin, su sayar da shi a matsayin buɗaɗɗe sabo. Wani yana karɓar kowane sim ɗin, amma 3G kawai zai ba ka, domin ba shi da zangon sigina (band) da layin ke amfani da shi. Misali 4G na Glo an san shi da zango na 28, wato 700MHz, kuma ba kowane rauta ke da shi ba. B315s-22 ba ya da shi. MTN na amfani da 3, 7 da 20, Airtel na amfani da 3. Don haka tafi da sim biyu ko uku na kamfanoni daban, a jona rautan a gabanka, ka ga kowanne ya hau 4G, ka buɗe shafi da shi. Shiga Device Information ka gwada IMEI, wato lambar shaidar na'urar, da sunan samfurin da ke ciki da na jikin takardar da na kwali. In sun saɓa, ajiye masa kayansa. Eriyar waje ma haka: ɗaura ta a wurin ka ga RSRP ya motsa, don akwai waɗanda roba ce zalla da guntun waya a ciki. Mai shagon da ya ce sai ka biya kafin a buɗe kwali, ko ya ƙi rubuta maka IMEI a rasit, wuce na gaba.