Na'urar ƙwaƙwalwa ko ta wuya: amsa ga Hajiyarmu ta Yantala

Hajiya, kin ce ƙanenki ya sha Gardénal, ya sha Tégrétol, farfaɗiya ba ta sake shi ba, kina tambayar wacce ta fi tsakanin na'urori biyun da kika ji labari. Allah ya ba shi lafiya.

Ta wuya, VNS, ita ce tsohuwa, Amurka ta amince da ita tun 1997. Ba a taɓa ƙwaƙwalwa, waya ake naɗawa a wata jijiya ta hagun wuya, batir yana ƙarƙashin fatar ƙirji. Aikin ya fi sauƙi, sai dai murya takan dishe lokacin da take bugawa.

Ta ƙwaƙwalwa kuwa, DBS, sai an huda ƙoƙon kai, a zura siraran wayoyi biyu har cikin talamus, wata mararraba a tsakiyar ƙwaƙwalwa da faɗuwar ke bi ta yaɗu. Lokacin faɗuwa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan ɗauki kiɗa ɗaya gaba ɗaya, kamar makaɗa dubu a kan ganga guda. Na'urar tana sako ɗan lantarki sau 145 a daƙiƙa, minti 1 tana aiki, minti 5 tana hutu, ana ganin da haka take ɓata musu kiɗan kafin ya game ko'ina. Abin da ya fi burge ni, amfanin ƙaruwa yake da shekaru. A gwajin SANTE na 2010, mai mutum 110, faɗuwa ta ragu da wajen kashi 40 cikin 100 a wata na uku, 56 a shekara biyu, 69 a shekara biyar. Wasu kuma sun koka da mantuwa da baƙin ciki.

Dukansu ragewa suke yi, kaɗan ne ke rabuwa da ciwon kwata-kwata, kuma ba a barin magani. In an fita ƙasar waje an sa, akwai komawa a daidaita ta, batir ma yana ƙarewa. A nan DBS ta fi cin kuɗi da zirga-zirga.

Ni dai da ƙanena ne, da likitan ƙwaƙwalwa a nan Yamai zan fara. A duba ko yana tsallake shan magani, ko na bakin kasuwa ake saya masa, sannan a yi EEG (awon lantarkin ƙwaƙwalwa) da IRM (hoton cikin ƙwaƙwalwa). In tabo guda ne a ƙwaƙwalwa ke tayar da ciwon, cire shi da tiyata yakan fi na'urorin nan biyu tsayar da faɗuwa.